TSOHON TANGARAN A ƊAKIN JERE: YADDA AKE GANE NA HOLAN DA NA JAPAN



Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne da kusan kowa a cikinmu ya taɓa shan tsawa saboda shi yana yaro, watau tangaran ɗin da iyayenmu mata da kakanninmu suke jerawa a ɗakunansu, ba a cin abinci a ciki sai an yi babban baƙo. Masu binciken tarihin ƙasar nan sun saba neman shaida a wuri biyu, a takardu da kuma bakin tsofaffi. To akwai shaida ta uku wadda ba a cika kulawa da ita ba, ga ta kuwa har da hatimi a bayanta, yawancinta kuma a hannun mata take. Tsohon faranti, idan an iya karanta shi, yana faɗin ƙasar da aka yi shi da zamanin da aka yi shi. Idan kuma aka haɗa da abin da mai shi ta sani, sai ya faɗi hanyar da ya biyo har ya iso ɗakinta. Wannan shaida kuwa ƙarewa take yi, domin jere ya sake kama. Roba da kuloli da kayan gilashi sun kori na dā, ana rabon gado a watsar da abin da aka tara shekara hamsin, kwanonin ƙarfe 'yan gwangwan su saye a kan sikeli, na tangaran kuma yara su ƙarasa su.

Na zaɓi in kafa misalina da ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda garuruwa irin su Kurgu da Illo da Ka'oje da Lolo suke, daura da iyakar Jamhuriyar Benin, saboda wuri ne da kaya suke shigowa ta ƙofa biyu. Tun kafin zuwan Turawa, ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro takan ƙetare Kwara ta wajen Illo, ta ratsa Bargu, ta bi Zugu har Salaga a ƙasar Gwanja. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka raba Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, daga baya aka haɗa Illo da ƙasar Gwandu. Daga nan sai mutumin yankin ya zama yana da kasuwa biyu. Ta gabas ga kayan kantunan Ingilishi da jirgin ƙasa ya riƙa haurowa da su daga Ikko, bayan dogo ya isa Kano a 1911. Ta yamma ga kayan kantunan Faransawa da ake saukewa a Kwatano, jirgi ya kai su Paraku, inda dogo ya isa a 1936, mota ta ƙarasa da su Malanbil. Saboda haka mai duba jeren tsohuwa a wannan yanki ya shirya ganin hatimi da Ingilishi da kuma hatimi da Faransanci a kabad ɗaya.

Kada kuma a ɗauka sai da baƙin kaya mutanen wurin suka san darajar yumɓu. A Birnin Lafiya, can ƙetaren iyaka a ƙasar Dandi ta Benin, masu haƙa a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Anne Haour sun yi aiki daga 2011 zuwa 2015, suka tono tsohon mazauni mai ɗakuna da aka yi wa daɓe da tsingaron tukwane, an jera shi a tsaye ɗaya bayan ɗaya. An zauna a wurin ɗaruruwan shekaru kafin wani jirgin Turawa ya taɓa gaɓar Afirka ta Yamma. Tangaran ya tarar da masu ido ne, bai koya musu ba.

Yanzu sai mu ɗauki farantin a hannu. Bahaushe yana kiran kowane farin mazubi mai fashewa tangaran, alhali kuwa iri biyu ne, kuma rarrabe su shi ne matakin farko. Akwai tangaran na ainihi, wanda mutanen Sin suka fara yi. Ana haɗa shi da farar ƙasa, irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, da wani farin dutse da aka niƙa, a gasa shi da wuta mai zafin digiri wajen 1,300 har jikinsa ya narke ya game kamar gilashi. Akwai kuma farin yumɓu da aka gasa da wuta mai sauƙi, wajen digiri 1,000 zuwa 1,150, sa'an nan aka lulluɓe shi da ruwan gilashi don ya yi sheƙi, ya kuma riƙe ruwa. Gwajin ba shi da wuya. A ɗaga farantin a saitin rana ko fitila, a sa yatsu a bayansa. Idan an ga inuwar yatsun, na ainihi ne. A ɗora shi a tafin hannu a ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Na ainihi yakan yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, na yumɓu kuwa ƙararsa gajera ce, ko da yake na ainihin ma idan ya tsage muryarsa takan mutu. Sa'an nan a nemi inda ya ɓantare. Na ainihi cikinsa fari ne fat, mai santsi, ba ya shan ruwa. Na yumɓu cikinsa gari-gari ne, idan aka ɗiga masa ruwa sai ya tsotse, shi ya sa tsohonsa yakan yi tsage-tsage ƙanana kamar saƙar gizo, man miya ya shiga ya rina su. Su kuwa langa da samira da fanteka ba sa cikin wannan lissafi, ƙarfe ne aka yi wa ruwan gilashi, maganaɗisu ma yana kama su.

To me ya haɗa Holan da Japan, ƙasashen da ke da nisan duniya a tsakaninsu? Ciniki ne. A 1602 'yan kasuwar Holan suka kafa kamfanin cinikin Gabas wanda ake taƙaita sunansa da haruffa uku, VOC, ya riƙa kwaso tangaran ɗin Sin mai fari da shuɗi zuwa Turai, miliyoyin guda. Turawa a lokacin ba su san asirin yin sa ba, sai a wajen 1709 aka gano shi a Jamus. Maginan garin Delft na Holan da suka ga kasuwa tana neman kuɓuce musu, sai suka shiga kwaikwayo da abin da suke da shi. Suka ɗauki yumɓunsu mai ruwan ƙasa, suka rufe shi da ruwan gilashi da aka gauraya da tokar kuza don ya yi fari, suka zana masa shuɗin fure da tsuntsaye irin na Sin. Wannan shi ne abin da masu tara kayan tarihi suke kira Delft. Daga nesa sai ka rantse na Sin ne, amma ba ya nuna haske, kuma bakinsa kusan kullum a ɓantare yake, yumɓun yana leƙowa.

A can Japan kuwa, wajen 1616 aka sami dutsen tangaran a kusa da garin Arita, kuma magina 'yan Koriya da aka kwaso lokacin yaƙi su ne suka fara aikin. Daga 1641 mutanen Holan kaɗai ne cikin Turawa hukumar Japan ta yarda su yi ciniki da ita, su ma an killace su a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a Nagasaki. Da daular Ming ta faɗi a 1644, yaƙi ya tsayar da kayan Sin, sai kamfanin ya juya ga Arita, ya ba da babbar odarsa ta farko a 1659. Da yake ta tashar Imari ake fitar da kayan, sai sunan tashar ya bi su. Imari shi ne mai shuɗi da ja da ruwan zinariya, ado ya cika shi har ba masaka tsinke. Akwai kuma Kakiemon, wanda farinsa kamar madara yake, adonsa kaɗan, an bar fili da yawa. Wata alama da masana suke dubawa ita ce 'yan ɗige-ɗige a gindin faranti, uku ko biyar ko fiye, gurbin ƙusoshin yumɓu da aka tallafe shi da su a cikin matoya don kada tsakiyarsa ta lotsa. Maginan Arita sun saba yin haka, na Sin kuwa ba su cika yi ba.

Na kawo wannan tarihi ne don sunayen nan uku, Delft da Imari da Kakiemon, su ne suke sa a yi ta mafarkin dukiya. Gaskiyar magana ita ce da wuya ƙwarai a tarar da irinsu a jeren ƙasar Hausa. Lalle mutanen Holan sun riƙe Elmina a gaɓar Gana ta yau daga 1637 har 1872, kuma kayan gaɓa suna hawowa ta Kumasi zuwa Salaga inda fatakenmu suke sauka. Amma a tuna da yadda ayari yake tafiya, wata biyu ko uku a bayan jaki, ana ƙetare koguna, ana sauke kaya kowace yamma a ɗaura kowace safiya. Madugu mai hankali goro zai ɗauko, ba abin da zai iso gida a farfashe ba. Ɗan abin da ya tsira sai gidan sarauta. Kyaftin Clapperton, da ya sauka a Sakkwato a 1824, ya ba da labarin cewa daga gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ana aiko masa da abinci a kwanonin farin ƙarfe masu hatimin Landan, wata rana ma aka kawo masa nama a cikin farar tasar wanke hannu ƙirar Ingila. Abin da Bature yake wanke hannu a ciki, a nan ya isa a fita kunyar baƙo da shi, don ƙarancinsa.

Kayan Holan da za a fi sa ran gani a wurinmu na wani gari ne dabam, Maastricht, can kudancin ƙasar. A 1836 wani ɗan kasuwa mai suna Petrus Regout ya buɗe masana'antar farin yumɓu a garin, ya ɗauko ma'aikata daga Ingila, ya bi tsarin Ingilishi na yin kaya da yawa masu araha. A 1863 aka kafa kishiyarta, Société Céramique. Su biyun nan sun yi ta aika kwanoni da farantai zuwa ƙasashen Musulmi da sauran kasuwannin nesa, daga Jawa da Sumatra zuwa ƙasar Larabawa da Afirka ta Yamma, har suna yin waɗansu da hoton jinjirin wata da tauraro don su shiga ran mai saye. Wanda ya san yadda atamfa 'yar Holan ta sami gindin zama a kasuwanninmu ba zai yi mamaki ba, dabarar ɗaya ce: a dubi abin da mai saye yake so a yi masa shi.

Hatimin Regout dabba ce a kwance mai jikin zaki da kan mutum, irin gunkin nan na Masar, a ƙarƙashinta an rubuta Petrus Regout & Co da Maastricht, sau da yawa har da sunan zanen, kamar Timor ko Pajong. An fara sa wannan dabba ne wajen 1880. Na Société Céramique kuwa zaki ne a tsaye bisa ƙafafun baya, rubutu ya kewaye shi, kuma sunan garin a nan Maestricht aka rubuta, yadda Faransawa suke rubuta shi. A lura da abu ɗaya. Shi Petrus Regout ya rasu a 1878, amma sunansa ya ci gaba da fitowa a bayan faranti shekaru da yawa bayan haka, har bayan da kamfanin ya ɗauki sunan De Sphinx a 1899. Don haka ganin sunan ba ya nufin an yi farantin yana da rai. Kamfanonin biyu sun haɗe a 1958, a 1969 kuma aka daina yin kayan cin abinci. Ke nan duk farantin da ke ɗauke da ɗayan hatiman nan na gaskiya ya haura shekara hamsin.

Adon kayan Maastricht iri biyu ne, kuma ido yana iya rarrabe su. Akwai na bugu. Ana sassaƙa zane a kan allon tagulla, a shafa masa launi, a danna siririyar takarda a kai, a ɗauke ta a manna a jikin faranti. Idan aka duba da kyau za a ga inuwar zanen ɗige-ɗige ce ko layuka ƙanana, a bakin farantin kuma akwai inda kan takardar da wutsiyarta suka haɗu, zanen bai dace ba. Akwai kuma na hannu, manyan furanni ja da kore da shuɗi da aka ja da buroshi cikin sauri, sau da yawa a kewaye su da ɗan tambari da aka yanka a jikin soso ana dangwalawa. A ganina wannan na biyu ya fi kyau nesa ba kusa ba, don ana ganin hannun mai aikin a ciki, ba kwano biyu da suka zo daidai. Amma fa masana'antun Ingila da Sikotilan da Beljiyam da Faransa duk sun yi irinsa, har ba a iya bambancewa. Idan babu hatimi, kada a yi saurin cewa na Holan ne. A gefen Benin musamman, a sa ran ganin sunan Sarreguemines ko Digoin, waɗanda na Faransa ne.

Kayan Japan da suka iso mu kuwa na ƙarni na 20 ne, tangaran na ainihi, marar nauyi, yawanci kofunan shayi da butocinsu da finjalan gahawa, da yawansu tsarabar alhazai. A nan rubutun gindi yana taimakawa, saboda wata dokar kwastan ta Amurka ta 1890 wadda ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya. Daga 1891 masana'antun Japan suka riƙa rubuta Nippon, watau sunan ƙasar a bakin mutanenta. A 1921 Amurka ta ce sai dai a rubuta Japan, daga nan aka koma Japan ko Made in Japan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1947 zuwa 1952, lokacin da ƙasar take hannun sojojin ƙawance, aka riƙa rubuta Occupied Japan. Wannan na ƙarshe shi ne mafi daɗin samu ga mai bincike, don ya killace shekarun cikin biyar. Haka nan Made in Holland a ƙarƙashin hatimin Maastricht yana nuna bayan 1890 ne.

Sai dai hatimi ma yana ƙarya, ko ya yi shiru. Dokar nan ta kasuwar Amurka ce, kayan da aka nufo wata kasuwa da su ba dole ne a buga musu kome ba, waɗansu kuma takarda aka manna musu, ta wanke tun tuni. Saboda haka rashin hatimi ba shaidar tsufa ba ne. Maginan Japan na dā sun sha rubuta sunan sarakunan Ming a gindin kayansu, na Sin ma sun yi ta maimaita sunan sarkin da ya mutu shekaru ɗaruruwa. Tun wajen 1980 ake buga hatimin Nippon na jabu a kan sababbin kaya. Akan jiƙa sabon kwano a ruwan shayi don ya yi kama da tsoho. Abin da ya fi wuyar ƙirƙira shi ne cin da shekaru suke yi wa abu: zoben gindi ya goge ya yi laushi, ruwan zinariya ya koɗe daidai inda leɓe da yatsa suke taɓawa, tsakiyar faranti ta yi ƙarce ta kowace fuska. Ƙa'idar ita ce a fara da jiki, a bi da ado, a ƙare da hatimi. Idan ukun ba su yi magana ɗaya ba, hatimin ne abin tuhuma.

Ko an gane shekarar da aka yi faranti, ba a gane shekarar da ya iso ba. Yana iya yin shekaru a sito a Kwatano, ya yi waɗansu a jeren uwa a Gaya ko Jega kafin ta saka shi a kayan ɗakin 'yarta. Wannan rabin labarin ba ya gindin faranti, yana bakin mai shi, kuma ɗalibi ba zai same shi ba sai ya zauna ya yi tambaya da ladabi: Inna, wannan na aurenki ne ko na gado? Wa ya saya, a wace kasuwa, da wane kuɗi, sule ko tamma ko naira? Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, amma suna riƙe ta da abin da ya faru, kafin zuwan Sarauniya a 1956 ko bayansa, kafin mulkin kai a 1960, lokacin da ruwan Kainji ya tashi garuruwa a 1968, ko shekarar canjin kuɗi, 1973. Jere dukiyar mace ce ta kanta, asusunta ne da takan sayar ta hannun dillaliya idan ta matsu, don haka tana sane da asalin kowane guda fiye da yadda maigida yake zato. A ɗaga kai kuma a dubi rufi da bango. Maginan ƙasar Hausa sukan kafa faranti ko tasa a tsakiyar daurin guga, Nufawa sukan lilliƙa farantai a bangon katambarsu, kamar yadda mutanen gaɓar Afirka ta Gabas suka manna tangaran ɗin Sin a jikin kaburburan manyansu. Farantin da ke cikin gini kada a ɓanɓare shi. Shi da ginin suna ba juna shaida, domin ba a kafa shi a wurin ba sai bayan an yi shi.

Game da kuɗi, kwanon Maastricht ko kofin Japan na ƙarni na 20 ba abin da zai sa mutum ya yi arziki ba ne, don an yi su da ɗimbin yawa. Wanda ya zo yana cewa akwai wani sinadari mai tsada a cikin tsohon tangaran, ko ya nemi kuɗin gwaji kafin ya kawo mai saye daga waje, damfara ce. Wanda kuma ya zo yana rena kayan don ya kwashe jere duka a kuɗin goro, shi ma a yi hattara da shi. Ku ma'aikata, musamman na kwastan da na ƙananan hukumomi da ke bakin iyaka, ku tuna Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana haƙa tsohon kufai ba da izni ba, ta kuma hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan sai da takardar hukumar. Abin da aka tono a kufai, ko da tsingaro ne, a sanar da ita, a kuma faɗi daidai inda aka same shi.

Wanda yake da irin waɗannan kaya a gida, ya wanke su da ruwa mai ɗumi da sabulu kawai, ban da toka da yashi da soson ƙarfe, ban da ruwan bilic, don yana shiga tsagar yumɓu ya ci shi daga ciki. Kada a ɗaga buta ko kofi ta mariƙinsa. Wanda ya fashe a tattara gutsattsarinsa a ƙulle wuri ɗaya, kada a liƙa da gam mai ƙarfi wanda ba ya ɓanɓaruwa. Sa'an nan a sami littafi a ba kowane guda lamba, a auna faɗinsa, a ɗauki hotonsa ciki da baya, a kwafe hatimin harafi da harafi ko ba a san harshen ba, a rubuta sunan mai shi da garinta da abin da ta faɗa da ranar da ta faɗa. Ɗaliban da suka fito daga Bagudo da kewaye, idan kowannenku ya cika shafi goma a hutu mai zuwa, ya kai kwafe ɗaya sashen tarihi, ɗaya kuma Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, za a iya fara ƙidaya nawa ne suka shigo ta Ikko, nawa ta Kwatano, nawa kuma ta hanyar Makka.